Sankarar jini da sankarar kaluluwa ba ɗaya ba ne

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, sau da yawa akan kawo mini roƙon addu'a a ce wane yana fama da ciwon daji na jini, a tsaya nan. A ziyarar marasa lafiya da nake yi a nan Katsina, na lura cututtuka biyu muke haɗawa, alhali sanin bambancinsu yana iya ceton rai.

Lukimiya, wato sankarar jini, daga ɓargo take farawa, inda jiki yake samar da jini. Gurɓatattun fararen ƙwayoyin jini sukan yi yawa har su danne lafiyayyun. Sai mutum ya ɗashe, ga kasala, ga zazzaɓi mai yawan dawowa, dasashi yana zubar da jini. Da gwajin jini da na ɓargo ake gano ta.

Limfoma kuwa yawanci daga kaluluwa take tasowa. Kumburi ne a wuya, hammata ko matsematsi, galibi ba ya zafi, tare da gumin dare da rama. Tarin fuka ma yakan kumbura wuya, saboda haka sai an yanki ɗan naman an duba kafin a tabbatar. Akwai nau'in da ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro, wanda Denis Burkitt, likita Kirista, ya bayyana a 1958 yana aiki a Uganda. Yana girma da sauri, amma yakan ji magani idan an zo da wuri.

Abin da ke damuna shi ne watannin da iyalai ke ɓatawa suna shan maganin taifot ko suna zargin sammu. Bulus bai ji kunyar kiran Luka likita ba (Kolosiyawa 4:14). Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ko kumburin da ya yi makonni bai saɓe ba, a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Masu lukimiya sukan buƙaci ƙarin jini akai-akai. Littafin Firistoci 17:11 ya koya mana cewa rai yana cikin jini. Ku da Ubangiji ya ba ƙarfi, ku san rukunin jininku, ku rubuta shi a wurin shugaban zumunta, domin ranar da aka nema a same ku.

Ubangiji Yesu ya warkar da marasa lafiyarmu, ya ba likitocinsu hikima. Amin.