Tsohuwar Kwamfuta da Iyakar Gona

Kowace sana'a da kayan aikinta, kowane zamani kuma da irin nasa. Manomi da fartanyarsa, maƙeri da zugazuginsa, mu kuwa malaman ofis abin da muka gada shi ne alƙalami da tawada da babban littafi. Mahaifina ya yi wa En'e ta Kano aikin malamin haraji har zuwa 1976, sa'ad da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Shi ya ga zuwan tafireta, ni kuwa da na gaje shi a ofishin Hakimi na ga zuwan kwamfuta. Karatuna bai wuce na allo da na firamare ba, saboda haka kada mai karatu ya sa ran jin bayanin injiniya. Labarin wata tsohuwar kwamfuta zan bayar, da yadda aka ƙera ta, da yadda ta tashi tafiya da haƙƙin marayu a cikinta.

Wanda bai san ƙasarmu ta arewacin Kano ba, watau wajen Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, da wuya ya gane abin da ya sa 'yan'uwa su ke yanke zumunci a kan kunya biyu ta gona. A nan gona ba ta hutawa. Kowace shekara a kai mata taki, a shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, a girbe, a sake. Ba daji, ba saura. Gonar wannan tana jingine da ta wancan, abin da ya raba su bai fi layin gamba ko shingen bini-da-zugu ba, ko kuwa wata ɗorawa da kakanni suka yi shaida da ita. In mai gida ya rasu a raba wa magada, in su ma sun rasu a sake rabawa, har abin ya koma kaman tabarma. A zamanin En'e akwai malaman taki, waɗanda su kan auna gonaki da ƙafa a gundumomin da ke kewaye da birni, su rubuta don a yanka haraji. Talaka bai so su ba, amma dai rubutunsu ya zama shaida. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 mutane suka yi murna ƙwarai, littattafan ofishinmu kuwa suka kwanta, ba mai sabunta su.

Wannan giɓi shi ne wani malamin makaranta, ɗan garinmu, ya yi niyyar cikewa. Ya tafi karatu Amurka, ya komo wajen 1990 da wani akwati mai ruwan toka, an rubuta Macintosh SE a goshinsa. Duk hutu sai ya zo gida, ya bi dattawa zaure zaure da littafinsa, yana tambaya: gonar wane ce wannan, ta yaya ta zo hannunsa, gado ne, ko saye, ko jingina, ko aro, su wa suka shaida. In ya koma inda ya ke aiki, inda akwai wutar lantarki, sai ya zuba duka a akwatin. Ya yi shekaru a kan haka, sa'an nan Allah ya yi masa rasuwa. Aka kwaso kayansa aka kawo gida, aka sa akwatin a lungun ɗaki aka rufe da tsohuwar tabarma.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi asalin wannan akwati. Kamfanin Apple ne ya ƙera shi, wanda Steve Jobs da Steve Wozniak suka kafa a jihar Kalifoniya a 1976. A wancan zamani in mutum yana son kwamfuta ta yi masa aiki, sai ya haddace kalmomin umurni ya riƙa buga mata su, in ya kuskure harafi ɗaya ta ƙi. A 1979 Jobs ya ziyarci ɗakin binciken kamfanin Xerox a Palo Alto, ya ga wata dabara dabam: a zana wa mutum hoton takarda da na jaka a fuskar na'ura, ya nuna wanda ya ke so da ɗan kibiya. Suka fara gwada ta a wata kwamfuta mai suna Lisa a 1983, amma kuɗinta dala 9,995, ba ta yi kasuwa ba. Sai ran 24 ga Janairu 1984 suka fito da Macintosh a kan dala 2,495. Wani ma'aikacinsu, Jef Raskin, shi ya raɗa mata sunan, daga sunan wani irin tuffa da ya ke so. A shekarar nan kuwa, a farashin gwamnati, naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantarta. Fuska da ciki da ramin faifai duk a jiki ɗaya su ke, tsawonta bai kai inci 14 ba, nauyinta wajen kilo 7 da rabi, an yi mata mariƙi a ka don a ɗauka da hannu ɗaya kaman tulu. Fuskar inci 9 ce, fari da baƙi kawai, ɗigo 512 a kwance, 342 a tsaye, da waɗannan ɗigogi a ke harhaɗa kowane harafi da kowane hoto. Zuciyarta wani ɗan guntu ne mai suna Motorola 68000, yana bugawa kusan sau miliyan 8 a daƙiƙa. Abin da ta ke iya riƙewa a ka sa'ad da ta ke aiki kilobait 128 ne, watau haruffa dubu 131 da 'yan kai. Ajiya kuwa sai a faifai mai faɗin inci 3 da rabi, wanda ke ɗaukar kilobait 400, misalin shafi 200 na rubutu zalla. Ba a sa mata fanka ba don kada ta yi ƙara, iska ce ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Sai madannai, da wani ɗan abu kaman sabulu mai wutsiya, Turawa suka sa masa sunan ɓera, mu kuwa linzami mu ke ce masa. Waɗanda suka ƙera ta sun sa hannu an zuba sunayensu a cikin bangonta, inda mai saye ba ya gani.

Da aka ga kanta ya yi kaɗan sai aka riƙa daɗawa. A cikin 1984 ɗin aka yi mai kilobait 512, a 1986 aka yi Macintosh Plus mai megabait 1, a 1987 kuma aka yi SE, irin ta malam. Ita an sa mata fanka, faifanta na ɗaukar kilobait 800, akwai kuma wani faifai na ƙarfe a rufe a cikinta mai megabait 20, wanda zai ci shafi wajen dubu 10. Littattafan harajin gunduma guda ba su cika shi ba. An daina yin ta a 1990. Wayar da ke aljihun ɗan acaɓa yau ta ninka ta ajiya sau dubbai, amma a zamaninta ba ƙaramar dukiya ba ce.

Akwai abu guda da malamin Hausa zai yaba mata. Tun cikin shekarun 1930 aka tsai da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, don a raba baƙi da baki, a raba ƙasa da kasa. Amma kwamfutocin farko gurbi 256 kaɗai gare su na haruffa da alamomi, ba a kuwa bar wa namu ko ɗaya ba. Macintosh ta ba mutum dama ya zana nasa haruffa, saboda haka masu rubutu da harsunan da aka manta da su suka so ta. Malam ya zana nasa, ya sa ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v, tun da Hausa ba ta bukatar waɗannan. Na san haka domin ya yanki 'yan takardu ya rubuta haruffan da biro ya manna a kan madannan, har yau suna nan. Wahalar abin ita ce, in an kai rubutun wata na'ura wadda ba ta da zanensa, ƙasa ta koma qasa. Sai da tsarin Unicode ya zo, wanda aka fara fitarwa a 1991, kowane harafi ya sami lambarsa ta dindindin, namu ma suka shiga.

To, shekaru fiye da ashirin bayan rasuwar malam sai rigima ta taso. Wata gona ce ta fita daga wani gida zuwa wani a shekarar fari ta 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Gidan da ta fita suka ce jingina ce, ga kuɗi za su fanshi abinsu, domin akwai marayu huɗu da ba su da inda za su sa fartanya. Gidan da ta shiga suka ce saye ne, shekara hamsin suna zuba mata taki. Wanda ya bayar ya rasu, wanda ya karɓa ya rasu, shaidu duka sun rasu. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan a cikinsu, kowa abin da ya ji daga ubansa ya ke faɗi. Ana cikin haka wani tsoho ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai marigayi malam ya zauna da su biyun tun suna da rai, ya rubuta. Yana cikin akwatin nan nasa."

Hakimi ya sa aka ɗauko, ya danƙa mini, ya ce in kai birni. Samarin da ke gyaran kwamfuta suka kewaye ta suna ɗaukar hoto, duk ta girme su. Da tsohuwar zuma a kan yi magani, sai aka nuna mini wani dattijo mai gyaran talabijin na dā. Ya dube ta ya ce, "Ɗana, ja da baya. Kwalbar fuskar nan irin ta talabijin ce, ta kan riƙe wuta ko an kashe ta." Ya nemo dogon sukuddireba mai bakin tauraro, don sukurori biyu suna can cikin ramin mariƙi, ya buɗe. Muka tarar ƙurar hunturu ta yi dam a ciki. Akwai wani ɗan batir da ke riƙe mata agogo, shekaru sun cinye shi ya tsiyaye, ruwansa ya ci hanyoyin tagulla na allon ciki kaman yadda gara ke cin azara. Faifan ƙarfen kuma ya daskare, ba ya juyawa. Na ce, "Baba, ba dabara?" Ya ce, "Wanda ya ƙera ta bai yi alkawarin shekara talatin a ɗakin ƙasa ba. Ta yi iyakar ƙoƙarinta."

Saura ƙananan faifai goma sha biyu da muka samu a gwangwanin alewa. Na ɗauka ko wace na'urar faifai za ta karanta su, ashe ba haka ba ne. Na'urar kwamfutocin IBM da danginsu gudu ɗaya ta ke juya faifai, ta zuba masa kilobait 720. Ta Macintosh ta dā kuwa ta kan rage gudu in tana rubutu a bakin faifan, ta ƙara in ta matso tsakiya, da haka ta ke cusa 800. Saboda haka ba mai karanta faifan nan sai 'yar'uwarta mai rai, ko wata na'ura ta musamman da masu adana kayan tarihi ke aiki da ita. Na komo gida hannu rabbana, damina kuwa ta ƙarato.

Dagacin garin ne ya fid da mu. Da ya ji labari sai ya tuna marigayi ya taɓa kawo wa mahaifinsa waɗansu takardu masu huji-huji a gefe, irin na injin buga rubutu mai allurai. Aka buɗe adakar ƙarfe, ga su nan a ƙarƙashin tsofaffin rasiɗan haraji, tawadar ta koɗe amma tana karantuwa, ƙ da ɗ da ɓ kowanne da lanƙwasarsa. A shafi na tara muka sami gonar. An rubuta jingina ce, a kan buhun gero huɗu da naira talatin, da bakin mutanen biyu, da sunayen shaidu uku. Ɗan ɗaya daga cikin shaidun yana da rai, ya ce lalle ya taɓa jin haka wajen mahaifinsa. Hakimi da liman suka yi sulhu: masu riƙe da gona su ci amfanin shekarar saboda takinsu, marayu su biya gero da gero, kuɗi kuma a ƙimanta, gona ta koma bayan girbi. Aka yi fatiha aka tashi.

Amma fa unguwa uku kaɗai malam ya buga a takarda, garin kuwa unguwa bakwai ne. Sauran huɗun, in suna nan, suna cikin gwangwanin alewa, na sa shi a kabad nesa da rana da laima, ina cigiyar mai Macintosh mai rai. Faifan irin wannan maganaɗisu ne ke riƙe da rubutunsa, yana kuwa raunana da shekaru. A unguwannin nan huɗu ma akwai jingina, akwai aro, dattawan da suka sani kuma kullum raguwa su ke yi.

Saboda haka ina jan hankalin 'yan'uwana malaman ofis, da dagatai da masu unguwanni. Yau a waya mu ke ɗaukar hoton takardar ciniki, a kwamfuta mu ke rubuta rabon gado, muna ganin an gama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk abin da ya shafi ƙasa ko gado, a buga shi a takarda, a sa hannu, a yi biyu, ɗaya a ofis ɗaya wajen dagaci. Abin da ke cikin na'ura kuma a riƙa kwashe shi zuwa sabuwa tun tsohuwar tana numfashi, kada a jira ranar shari'a. A rubuta da haruffan da kowace na'ura ta sani. In an ajiye tsohuwar kwamfuta, a sa mai gyara ya cire mata batir tukuna. Wanda kuma ya san akwai irin wannan akwati a lungun gidansu, kada ya sayar wa 'yan gwangwan sai an duba abin da ke ciki.

Allah ya ji ƙan malam, ya saka masa da alheri, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar da aka danƙa mana. Amin.