Walimar Ganyen Ayaba



A shekarar 2019 na raka Maigida, dattijon da nake riƙe wa alƙalami a unguwarmu ta Damagaram, zuwa birnin Koci na jihar Kerala a kudancin Indiya, neman maganin ciwon gwiwa. Muna cikin mako na biyar sai mai masaukinmu, wani Bahinde mai fara'a, ya shigo da takardar gayyata riƙe da hannu biyu, ya ce zai aurar da 'yarsa. Maigida ya ce ba za mu halarci ibadarsu ba, amma haƙƙin maƙwabtaka ya sa za mu je walima.

Hankalina bai kwanta ba. Shekara ashirin ina tare da Maigida ban taɓa ganin ya kai loma baki a bainar jama'a ba. A gida akushinsa soro ake kai masa. Saboda haka daren jajibiri na roƙi ɗan mai masaukin, wanda ke mana tafinta, ya kai ni wurin girki, da niyyar in nemi a keɓe wa Maigida ɗaki.

Abin da na tarar ya mantar da ni abin da ya kai ni. Maza ne zaune a da'ira, wasu na kankare kwakwa, wasu na yanka doya, kabewa da ɗanyar ayaba, manyan tukwanen tagulla na kan wuta. Walimar sunanta sadiya, kuma ba nama a cikinta ko tsoka ɗaya. Wannan ya kawar mini da shakkar yanka, ko da yake na ce a raina: biki ba nama, ai sai a yi da mutum a gari. Kawun amarya na gefe da littafi. Ya nuna mini lissafinsa: mutum 600 aka gayyata, zauren yana cin 200, don haka zama uku za a yi. An ƙirga ganyen ayaba har da rara. An rubuta sunan kowane mai rabo da abin da zai riƙe, domin mutum ɗaya abu ɗaya yake zubawa, daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Da na faɗi buƙatata sai ya ce ɗaki akwai, amma abincin ba ya tafiya ɗaki yadda yake, don bi da bi ake zuba shi, kowane da lokacinsa.

Da asuba na shaida wa Maigida. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, rawanina a Damagaram na baro shi. A nan baƙo nake, kuma baƙo ba ya sauya wa masu gida shimfiɗa."

Da hantsi ya ɗaga aka zaunar da mu a dogayen tebura, kowa na fuskantar hanyar da masu rabo za su bi. Gaban kowa an shimfiɗa ganyen ayaba, tsininsa na duban hagu. Aka yayyafa ruwa aka goge. Sai masu rabo suka taso a jere kamar sahun salla: wannan ya ɗiga gishiri, wancan yajin mangwaro da na lemun tsami, wani haɗin citta da tsamiya, wani soyayyar ayaba, har da wadda aka tsoma a mazarƙwaila. Kowane abu da mazauninsa a kan ganyen, ba mai hawa kan wani. Sannan aka kawo jar shinkafa, aka fara da miyar wake da man shanu. Bayanta sambar, miya mai tsamiya wadda na tsinci 'ya'yan zogale a cikinta, abin da mu ganyensa kawai muka sani. Sai rasam, romo mai masoro, sai payasam, wani kunu mai zaƙi na madara ko ruwan kwakwa, aka rufe da tsala a kan 'yar shinkafa don ciki ya lafa. Na ƙirga abu ashirin da biyu kafin lissafi ya kuɓuce mini.

Da hannun dama kowa ke ci. Ba mai miƙa wuya, ba mai kiran a kawo nan, domin kowa ya san bokitin da ya wuce zai dawo. A damar Maigida wani likita ne, a haguna direban da ke kai mu asibiti, kuma abin da aka zuba wa wannan shi aka zuba wa wancan. Uban amarya bai zauna ba. Yana bin layi yana duba ganyen da ya yi ƙasa. Cikin abin da bai kai rabin sa'a ba muka naɗe ganye muka tashi wanke hannu, aka kwashe, aka shimfiɗa sabo ga 'yan zama na biyu. Masu gida su ne na ƙarshen ci.

A wurin wanke hannu wani tsohon miki ya motsa mini. A 2016 na aurar da 'yata ta fari. Na yanka sa, an dafa shinkafa buhu biyu, amma ban sa kowa a kan rabo ba. Masu ƙarfi suka yi wawaso, aka yi ta fita da abinci a leda, manyan baƙi aka cika musu kuloli har ya kwana ya lalace. Sai bayan la'asar na ji cewa malamina na allo, wanda ya koya mini baƙi da wasali, ya zauna a gindin bango tun hantsi ya tashi bai ɗanɗana ko ruwa ba. Na je ban haƙuri, ya ce ba komai, ya sa wa auren albarka. Ya rasu bayan shekara guda, amma kunyar ba ta rasu ba. Mun karanta a hadisi irin zargin da ke kan walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ni na kira kowa, sai dai rashin tsari ya yi mini wariyar da ban yi niyya ba.

Da muka dawo gida aka tashi auren jikan Maigida, ya ce in riƙe walima. Ban nemo ganyen ayaba ba, ban kuma hana nama ba. Lissafin kawai na aro. Na sa aka shimfiɗa tabarmi layi-layi, na zaɓi samari goma sha biyu, kowa da abin da zai raba, aka yi zama uku, kuma tsofaffi da almajirai aka fara zaunarwa. An yi gunaguni, wasu suka ce na mai da biki makaranta. Amma da magariba na zaga unguwa ina tambaya, ban sami wanda ya koma gida da yunwa ba.

Wanda duk zai yi walima, kafin ya tambayi buhu nawa za a dafa, ya fara tambayar wa zai zuba wa wa.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya sa albarka a aurarrakin 'ya'yanmu. Amin.