Kujerar babur ba wurin tsumulmula ba ce

Jama'a, tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin da yawanmu. Tafiyar da a da sai an je tasha, yanzu Boxer ake hawa. Ni ma duk ƙarshen wata a babur nake zuwa Gumel daga Kano.

Sai dai kowa lissafin mai yake yi, an manta da ƙugu. Abin da ka rage a fetur, wallahi ciwon baya na iya cinye shi a kemis.

Idan za ka canza kujera, kada laushi ya ruɗe ka. Soso mai laushi sosai lotsawa yake, kafin awa ɗaya ka ji kana zaune a kan ƙarfe. Ka ce wa mai ɗinki ya sa soso mai tauri a ƙasa, mai laushi siriri a sama. Ta yi faɗi a mazauni don nauyinka ya bazu, amma kada tudunta ya hana ƙafarka taka ƙasa, musamman in ka goya iyali. Baƙar leda kuma zafi take sha a rana, rigar raga na rage shi. Ka duba ɗinkin, don in ruwan damina ya shiga soso, ruɓewa zai yi.

Duk kyawun kujera dai, ka riƙa tsayawa kana miƙe ƙafa. Allah Ya kai mu gida lafiya.