Garu: Rufin Kwano da Rufin Asiri

Wanda ya bar kasuwar Malanbil ya kama hanyar Madekali, wajen iyakar Nijeriya, zai ratsa ta Garu. Gari ne na Dandawa, Fulani da Hausawa a jihar Alibori, kusa da kogin Kwara, inda ake noman shinkafa da albasa. Ga kunnen Bahaushe sunan ya yi kama da garu, wato katanga, kuma a kan katanga za mu yi magana.

A tsofaffin gidaje, bangon ƙasa yana da kauri ƙwarai. Maigida na iya yi wa iyalinsa faɗa a ɗaka, maƙwabci bai ji ba. Sai dai ginin ƙasa ba ya jure ruwa. Ambaliyar 2010 ta rusa dubban gidaje a ƙasar Benin, har da yankin Malanbil da Karimama. Don haka ba a ganin laifin mai hali idan ya koma ga bulo da kwano.

To, amma shiga gidan haya na zamani ka gani. Ɗakuna ne a jere, bango ɗaya tsakanin iyali biyu, bulon kuma mai rami ne. Sau da yawa ba silin, bangon bai ma taɓo kwano ba. Ta wannan kafa tari, kukan jariri, lissafin bashi da zancen mata da miji duk suke tsallakawa. Da safe a haɗu a bakin rijiya ana sunkuyar da kai. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Masana gini sun ce nauyi ne ke tare sauti: in aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi takan ragu da kamar desibel 5 zuwa 6. Amma duk inda iska ta bi, murya ma za ta bi.

Saboda haka, jama'a masu gini, a kai bangon tsakani har ya haɗu da rufi. A cika ramin bulo da yashi, a yi shafe ciki da waje, a toshe kafofi, a sa silin. Mai neman haya kuma ya tura yaro ɗakin maƙwabta ya yi magana, shi ya saurara kafin ya biya.

Allah ya rufa mana asiri, amin.