Ruɗewar Inna Iri Biyu Ce

Gigin tsufa ba ya shiga gida da sallama. A wajen Inna ya fara da zuba gishiri sau biyu a miya, sai la'asar mai raka'a shida, sai ranar da mai Keke Napep ya dawo mana da ita daga Kawo: ta bar gidanmu na Unguwar Kanawa wai za ta garinsu da ƙafa. Maƙwabta suka ce sammu ne. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, tsorona kada a ji mun kai ta Barnawa, don a Kaduna kowa ya san abin da hakan yake nufi.

Da muka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can, likita ya ce ba hauka ba ne. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke mutuwa sannu a hankali, galibi saboda cutar Alzheimer, wadda wani likitan Jamus ya fara bayyanawa a 1906. Fiye da mutum miliyan 55 suna fama da irin wannan mantuwa a duniya, kuma maganin da ake da shi na sassauci ne kawai.

Jinyar ce ta koya mini ƙarya. Kullum bayan magariba takan tambayi mijinta, Malam. In na ce ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka fita da gawar, gobe kuma ta sake tambaya. Sai na koma cewa, "Yana masallaci, Inna." Har yau nakan yi istigfari a kan wannan, amma ban daina ba.

Akwai kuma wata ruɗewar ta daban. Wata rana ta kwanta lafiya, ta wayi gari tana fizge zane, tana ganin mutane a bango, jim kaɗan barci ya danne ta, da ƙyar ake tashinta. Yayata ta ce gigin ne ya ƙaru. Amma likita ya riga ya ja mini kunne cewa gigin tsufa watanni da shekaru yake ɗauka. Wanda ya faɗo cikin dare ɗaya, wata cuta ce a jiki: zazzaɓin cizon sauro, faɗuwar sukari, ƙarancin ruwa, ko shanyewar ɓarin jiki, kuma ba a kwana da shi a gida.

Da muka kai ta asibiti, sai aka gano nata ciwon mafitsara ne. Da aka yi mata allurai da ƙarin ruwa, mutanen bango suka ɓace, ta nemi kununta, ta yi mini faɗan rashin ɗaura kallabi.