Ɗakin Amarya Da Damina

Maganar yau ta ɗakin amarya ce, amma ta shafi kowace mai ɗaki, ko da ta shekara talatin da aure.

Ku dubi yadda mu ke yi. An sa biki ran Asabar, sai ran Laraba ango ya tuna da fenti. Mai fenti ya zo da fentin mai, ya sirka shi da kananzir ko fetur don ya yi auki, ya shafe bango. Ran Alhamis dangin amarya su zo jere, su manna gado da kabad jikin bangon da bai gama shan iska ba, su rataya labule mai kauri, su kulle ƙofa don kada yara su taɓa kaya. Daren Asabar a kawo yarinya. Kwana biyu sai ki ji tana kukan ciwon kai, idanu na ruwa, zuciya na tashi. Tsofaffi su ce kewar gida ce, wasu ma su ce baki ne ya kama ta. Ni kuwa na ce a fara tuhumar bango.

Abin da hancinki ke ji ɗin nan ba wari ba ne kurum. Fentin mai, watau mai ƙyallin nan, da wani mai ɗan'uwan kananzir a ke narka shi. Bayan an shafa, sai man ya riƙa tashi cikin iska, kamar yadda fetur ke tashi in an bar kwalba a buɗe. Shi a ke shaƙa. Saman fenti ya kan bushe cikin yini guda, amma cikinsa sai ya yi mako ko fiye bai yi ƙarfi ba, balle da damina. Fentin ruwa ya fi sauƙin wari da saurin bushewa, shi ya fi dacewa da ɗakin kwana. A bar na mai ga ƙofa da tagar ƙarfe.

To, ina magani? Na san abin da za ki ce: turaren wuta. Ina son turaren wuta kamar kowace mace, amma fa ba ya fid da kome daga ɗaki. Rufe wari ya ke yi, ya ƙara hayaƙi bisa abin da ke nan. Albasar da a ke yankawa a sa cikin kwanon ruwa ita ma hanci kawai ta ke ruɗawa. Maganin ɗaya ne, kuma ba a sayensa: iska. Buɗe ƙofa da taga tare, iska ta shiga nan ta fita can. In akwai fanka ta tsaye, juya fuskarta wajen taga ta riƙa tura warin waje. Fid da gwangwanayen fenti da tsummokaran da aka goge hannu. A yi haka kwana 3 aƙalla, in fentin mai ne a ba shi mako. Mai ciki da jariri da mai asma kada su kwana ciki sai warin ya tafi sarai.

Abu guda ne na ke roƙonku da babbar murya. Kada a kai kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa wai don bango ya bushe da wuri, sa'an nan a kwana ciki. Garwashi na fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya kan ji barci ne kawai, daga nan ba ya tashi.

In tsohon ɗaki a ke sabuntawa, a kula da kankarar tsohon fenti. Wani fentin mai, musamman ja da rawaya, akwai dalma cikinsa, ƙurarsa kuwa guba ce ga yara. Mun ga aikin dalma a Zamfara cikin 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce ta shiga jikin yaro tana daƙushe masa ƙwaƙwalwa. A fid da yara, a yayyafa ruwa kafin a kankare, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Sau da yawa ma dalilin fentin shi ne ɓoye laima. Bango ya yi baƙi-baƙi, ya tashi ƙuraje, sai a lulluɓe shi don kada dangin amarya su gani. Kafin watan Agusta ya ƙare, lokacin marka, fentin ya kumbura ya soma zubowa. Ruwan da ke cikin bango dole ya nemi hanya. Kakanninmu da su ke yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, su shafa farar ƙasa a ciki, bangonsu ya kan sha ruwa ya kuma fid da shi in rana ta fito. Fentin mai kuwa kamar leda ya ke, ya tsare ruwa a ciki. Ko sabon filasta na siminti, sai ya yi kamar mako 4 yana bushewa kafin fenti ya zauna masa.

Saboda haka sai ki bi sawun ruwan. In tabon daga sama ya gangaro, kwano ne ke yoyo ko indararo ya toshe, wannan aikin maigida ne da magini, amma ke za ki nuna musu. In daga ƙasa ya hau, ya tsaya wajen gwiwa ko ƙugu, da wani farin gari kamar kanwa, to, ki zaga bayan ɗakin. Galibi za ki tarar ruwan indararo ko na wanke-wanke na kwanciya a gindin bango. A cike wurin da ƙasa a yi masa gangare, a gyara kwata.

Ku 'yan makaranta, ga aikin da za ku yi wa iyayenku. Ku manna 'yar leda a bango da salatif, ku toshe gefenta duka, ku bar ta kwana 2. In raɓa ta taru a ƙarƙashinta, daga cikin bango ruwan ke fitowa. In a bayanta ta taru, iskar ɗakin ce ta cika laima, watau shanya a ɗaki da girki da rufe taga su ne masu laifi.

Funfunar nan ba ƙyama kaɗai ce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin 2009 cewa zama a gida mai laima da funfuna na da alaƙa da tari da shesshekar ƙirji da asma. Wanke ta da ruwan sabulu, ko ruwa da ɗan Hypo, taga a buɗe, kada kuwa ki haɗa Hypo da wani maganin wankin banɗaki, haɗin na ta da iska mai shaƙe mutum. Ja gado da kabad baya da bango kamar faɗin tafin hannu. Akwatunan lefe a ɗora su kan katako ko bulo, kada su zauna a daɓe. Duk ranar da gari ya washe, a fid da katifa da darduma da atamfofin da ke ƙasan akwati su sha rana.

Ke kuma uwar amarya, ran da dangin ango suka zo sa rana, cikin abin da za ki aika a faɗa musu har da wannan: a gama fenti mako 2 kafin jere, a bar tagogi a buɗe.