Mota Mai Ɗaki Ko Ɗaki A Ɗan Iya?

 Yau wata shawara da ta hana ni barci kusan wata uku nake so in baje muku, domin na san da yawanmu mun taɓa tsayawa a wannan mararraba.

Shekarata ashirin da biyu a Sabon Ibadan ina sana'ar goro, amma cibiyata a unguwar Ɗan Iya aka binne ta, cikin garin Bauchi. Duk Babbar Sallah sai in kwashi iyali mu tafi gida, mu takura a ɗakin ƙanena, yara a tabarma, shi da matarsa su koma wajen maƙwabta. Da na ɗauki adashi mai ɗan kauri, sai na ce wannan wahala ta isa haka.

Ana cikin haka wani abokina da ke Amurka ya turo mini hoton motarsa: gado, murhu, banɗaki, duk a ciki. Nan take zuciyata ta biya. Na ce ai ni ma zan iya sayen Hiace 'yar Kwatano, in cire kujerun baya, in shimfiɗa katifa, mu bi ta Lokoja da Abuja da Jos har Bauchi, ranar da aka gama hawan Sallah kuma in kai yara Yankari su yi wanka a ruwan Wikki.

To, sai na ɗauko biro da takarda. Kafin a janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ga tayoyi, ga inshora, ga sabunta takardu duk shekara, ga bakanike. Mota ko tana ajiye tsufa take yi, batir ya mutu, roba ta bushe. Sannan shi abokina yana da filayen da aka tanada don kwanan irin motarsa, da wuta da ruwa. Ni a ina zan tsaya in kwana da mata da yara huɗu a kan hanyoyinmu na yau?

Gidan ma ba kyauta ba ne. A farkon 2024 buhun siminti ya wuce naira 10,000, ga kwano, ga katako, ga ladan magina. Ɗakin da za a rufe wata goma sha ɗaya kuwa, gara da damina ne masu shi. Mun sha ganin 'yan uwanmu sun gina ƙaton gida a arewa, ƙadangaru na gadi, su kuma suna haya a kudu.

Maiɗakina ce ta fara kwance mini kai. Ta ce, "Maigida, yaranka Yarbanci suke yi ko a wajen cin abinci. Idan ka zuba su a mota suna leƙen gari ta taga, wa zai san su a Bauchi?"

Da na je gida na faɗa wa Inna. Kasancewata ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta dubi ƙasa ta ce, "Kai wannan, ranar da na faɗi, a cikin motar za ka karɓi gaisuwa?" Wallahi ban iya ce mata komai ba.

Abin da na yi shi ne, na gina ciki da falo a kangon bayan gidanmu. Ɗan yayana mai karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa yana kwana a falon, yana sharewa, yana biyan kuɗin wuta. Tafiya kuma muna ci gaba da shiga motar haya kamar kullum, baya na ciwo.

Har yanzu idan na ga hoton motar nan raina yakan ɗan sosu, ba zan ɓoye muku ba. Amma Sallar da ta wuce autana ya fita shi kaɗai sayen masa, mai masar ta dube shi ta faɗi sunan kakansa. Ya dawo da gudu yana tambayata yadda aka yi ta san shi.

Allah Ya maida kowa gida lafiya, amin.